Yadda Ake Karɓar Sabon Mai Ba da Gudummawa a Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Gyaran farko da na taɓa aika wa wani aikin buɗaɗɗiyar manhaja bai kai layi goma ba. Manhajar tana mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya duk sanda aka fitar da rubutu zuwa fayil, don ba a umarce ta ta adana shi da tsarin UTF-8, wanda ke gane irin waɗannan haruffa, ba. Kwana uku na yi ina bin lambobin da ban san wanda ya rubuta su ba, da datar waya, in kunna kwamfuta idan an kawo wuta, in rufe idan batir ya kusa mutuwa. Da na aika, safe da yamma ina leƙa shafin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Mako uku babu wanda ya ce uffan. Rannan sai wani ya rufe gyaran da layi ɗaya, wai in je in karanta ƙa'idojinsu. Bai faɗi wacce na taka ba, bai nuna mini inda take ba. Ban sake taka ƙafata can ba.

Bayan wata biyu na gwada wani aikin daban. Washegari na tarar da amsa. Matar da ta duba ta kira sunana, ta ce ba su taɓa lura da matsalar ba don babu mai rubuta irin waɗannan haruffa a cikinsu, ta nuna mini layi ɗaya da zan sauya, ta rubuto mini umarnin da zan buga in gwada. Wannan amsar ce ta riƙe ni a wurin shekaru. Gyara iri ɗaya na kai gidajen biyu, hannuna bai ƙara ƙwarewa ba a tsakani. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka buɗe mini ƙofa.

Wannan jagora na masu riƙon aiki ne, da duk wanda ya daɗe a wata tawaga har sababbi suka fara yi masa tambaya. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lambobinta suke a fili, lasisinta, kamar GPL ko MIT ko Apache, ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Linux kanta, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, da saƙon gayyata ta faro: a watan Agustan 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta Finlan, ya sanar da abin da yake haɗawa, ya nemi jama'a su faɗa masa abin da suke son gani a ciki. Har yau haka ayyukan nan suke rayuwa. Tsofaffin hannu suna samun wani aikin, suna yin aure, suna gajiya, suna tafiya. Idan babu masu shigowa, rumbun lambobin yana nan a intanet amma ba mai ɗaga murfinsa.

Mataki na farko: share gida tun baƙo bai iso ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka yi shelar neman masu taimako, fayil huɗu su kasance a bakin rumbun. README ya faɗi abin da manhajar take yi da yadda ake girka ta. LICENSE ya faɗi lasisi, domin lambobin da ba su da lasisi, ko suna a fili, doka ba ta ba kowa izinin amfani da su ba. CONTRIBUTING.md ya bayyana yadda ake kawo gyara. GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan rumbuna, yana nuna wa mutum mahaɗin wannan fayil idan ya zo buɗe rahoto ko aiko gyara. Na huɗu shi ne ƙa'idar zamantakewa.

A kan CONTRIBUTING ɗin nan mutane suka fi yin sakaci. Mai aikin ya girka komai a kwamfutarsa shekara uku da suka wuce, ya manta rabin abin da ya yi. Maganin shi ne ka samo kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ka bi abin da ka rubuta layi bayan layi, kada ka ƙara komai daga ka. Duk inda ka tsaya, nan baƙo zai tsaya. Ya fi kyau ma ka zaunar da wanda bai san aikin ba, ka ba shi takardar, ka kama bakinka, ka riƙe biro kana rubuta inda ya yi tuntuɓe. Rabin sa'a na irin wannan zama ya fi mako guda na zato.

Ka faɗi sigar Python ko Node, wato kayan da manhajar ke gudana a kansu, da ake buƙata. Ka faɗi ko umarnin yana aiki a Windows, don yawancin masu koyo da ita suke farawa. Ka kuma faɗi nauyin abin da za a sauke. Wanda yake zaune da intanet marar iyaka ba ya tuna wannan, amma ga ɗalibin da ya sayi gigabait biyu don su kai shi ƙarshen wata, sanin cewa girkawar za ta ci rabinsu babban bayani ne, sai ya jira ya je inda akwai waifai.

Ƙa'idar zamantakewa ba sai ka ƙirƙiro ta ba. Contributor Covenant, wadda Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014, ayyuka da yawa sun ɗauke ta. Linux ma ta koma kanta a watan Satumbar 2018, lokacin da Torvalds ya nemi afuwa a fili kan zafin harshensa ga masu aiko gyara, ya ja gefe na kusan wata guda. Sai dai takarda ba ta tsawatar wa kowa. Ka rubuta a ciki wa za a kai wa ƙara da ta wace hanya, kuma ya zama mutum fiye da ɗaya, saboda wata rana wanda ake ƙara shi ne mai karɓar ƙarar.

Mataki na biyu: ware aikin da ya dace da sabon hannu

Tambayar farko ta kowane baƙo ita ce, daga ina zan fara? Manyan ayyuka sun amsa ta da lakabi. A GitHub ana liƙa wa ƙananan ayyuka "good first issue". LibreOffice tana kiran nata EasyHacks, Django tana cewa "easy pickings", Wikimedia tana da "good first task" a Phabricator, shafin da take tara rahotanninta, Rust kuma tana da lakabin E-mentor, wanda ke nuna akwai takamaiman mutum da ya yarda zai riƙe hannun duk wanda ya ɗauki aikin. Wannan na Rust shi na fi so, don sunan mutum ya fi lakabi kwantar da hankali.

Liƙa lakabi kaɗai bai isa ba. Rahoton da aka ware wa baƙo ya faɗi abin da ke faruwa yanzu, da abin da ya kamata ya faru, da yadda zai ga matsalar da idonsa, da fayil ɗin da take ciki, da umarnin gwaji, da wanda zai tambaya. Na san rubuta wannan yana cin minti ashirin, alhali gyaran da kanka minti biyar ne. Nan ne jarrabawar take. Idan ka gyara, ka samu gyara ɗaya. Idan ka rubuta bayanin ka bar shi, wataƙila ka samu mutum. Ka gaya wa tsofaffin hannu su ma su ɗauke ido daga waɗannan ayyukan.

Idan wani ya ce ya ɗauka, ka rubuta sunansa a kai, ka ba shi wa'adi, kamar mako biyu. Wa'adin ya cika ba labari, ka tambaye shi cikin lumana ko wani abu ya tsaya masa. Sau da yawa ba lalaci ba ne, ya maƙale ne yana jin kunyar faɗa. Idan har ya yi shiru, ka saki aikin, ka rubuta cewa ƙofa a buɗe take duk ranar da ya dawo.

Kada ka taƙaita gudummawa ga rubuta lambobi. Gyaran takardun bayani, gwada manhaja a tsohuwar wayar Android, tace tsofaffin rahotanni, zane, fassara, duk aiki ne. Hausawa da dama ta ƙofar fassara suka shigo: translatewiki.net inda ake fassara manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, Pontoon na Mozilla mai manhajar Firefox, Weblate, da Common Voice inda ake naɗar murya da Hausa. Wanda ya fara da fassara saƙonni hamsin, shi ne gobe zai lura akwatin bincike ba ya gane 'y, ya kawo rahoto, jibi ya kawo gyaran.

Mataki na uku: amsar farko

A nan nake so mai karatu ya fi daɗewa, don a nan ake samun mutum ko a rasa shi. Mozilla ta taɓa bin bayanan masu aiko mata gyara, ta ga waɗanda aka duba musu aiki cikin sa'o'i 48 sun fi dawowa da wani nesa ba kusa ba. Ba dole ka gama bita cikin kwana biyu ba. Dole dai ya san an gan shi. Layi biyu sun wadatar: na ga gyaranka, na gode, zan duba ranar Asabar. Sannan ranar Asabar ɗin ka duba.

Amsa mai kyau tana da abu uku. Gaisuwa da sunan mutum. Godiya a kan takamaiman abin da ya yi, ba godiyar da ake kwafa ana liƙa wa kowa ba. Sai bayanin abin da zai biyo baya. Ga irin wadda nake rubutawa, ko da wane harshe ne:

"Sannu da zuwa, mun gode. Ka yi daidai, matsalar daga inda ake buɗe fayil take, kuma na ji daɗin yadda ka kawo misalin da ke nuna ta. Abu ɗaya ya rage kafin mu haɗe shi da sauran lambobin: muna so a ƙara gwaji. Duba fayil ɗin gwajin fitar da rubutu, na uku daga sama ya yi kama da abin da kake buƙata, kana iya kwafarsa ka sauya. Idan ya ƙi, liƙo mini saƙon kuskuren a nan mu duba tare."

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a rubuce ba a ganin fuska, kalmomin ne kawai. Shi ya sa akwai waɗanda na hana kaina: "ai wannan mai sauƙi ne", "kowa ya san haka", "kawai ka yi kaza". Abin da ya zame maka ruwan sha, shi ya kwana biyu a kansa. Idan amsar tana cikin takardun bayani, kada ka ce ya je ya karanta. Ba shi mahaɗin sakin layin, ka ƙara jimla ɗaya da ke amsa tambayar. Idan kuma mutum biyu sun yi tambaya iri ɗaya, laifin takardun ne, ka gyara su a ranar.

Akwai wata ɗabi'a tamu da na sani sarai, don ni ma na yi ta. Matashi zai biyo ka ta saƙon sirri ya rubuta "Salam, Malam", ya yi shiru yana jiran ka amsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wasu masu riƙon aiki abin yana ba su haushi. Tarbiyya ce, a gida ba a faɗa wa babba buƙata kafin a gaisa. Ka amsa sallamar, sannan ka koya masa al'adar wurin: ya haɗa gaisuwa da tambaya a saƙo ɗaya, domin wanda zai amsa yana iya kasancewa a Indiya ko Barazil, yana barci lokacin da kai kake ido biyu. Ka kuma roƙe shi ya mayar da tambayar fili, inda kowa zai gani. Ka faɗa masa dalili: amsar za ta amfani na bayansa, kuma idan ba ka nan wani zai amsa. Idan kunya ta hana shi, ka ce za ka fara amsawa da zarar ya liƙa. Wannan alkawarin yana sa da yawa su yi ƙarfin hali. Mata musamman sukan fi shan wuyar wannan mataki, don sun ga yadda ake yi wa wasu a fili, sun kuma san abin da kan biyo baya a saƙon sirri. Idan wani ya yi wa sabuwa ko sabo gatse, ka tsawatar a wurin, a gaban kowa, da gajeren zance. Shirun mai gida izini ne.

Idan rahoton ya zo a dunƙule, "ba ya aiki", kada ka rufe. Ka tambayi abu huɗu: wace siga, wace irin kwamfuta, me ya buga, me ya fito. Ka nemi ya kwafo saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya ba, don a iya bincika shi. Turancinsa kuma ba shi ake bita ba. Ka fahimci abin da yake nufi, ka wuce.

Mataki na huɗu: bita

Ka raba maganarka gida biyu, ka faɗa a fili: wannan dole ne kafin a haɗe, wannan kuwa ra'ayina ne, ka ɗauka ko ka bari. Sabon mutum ba ya iya bambancewa, duk abin da ka faɗa umarni ne a wurinsa. Kada ka zubo masa gyare-gyare arba'in a zama ɗaya. Fara da babba, wanda ya shafi ko hanyar da ya bi daidai ce. Babu amfanin gyara waƙafi a layin da za a goge gobe.

Batun tazara da jeren layi, bar wa na'ura. Ka saka manhajar da ke daidaita tsarin rubutu, da gwaje-gwajen da ke tashi da kansu idan an aiko gyara. Gyaran da na'ura ta nema ba ya zafi kamar wanda mutum ya nema. Amma ka lura da abu ɗaya: a GitHub, gwaje-gwajen wanda bai taɓa aiko gyara ba sukan tsaya sai mai riƙon aiki ya danna amincewa. Na sha ganin baƙo yana zaune kwana biyar yana zaton shi ya ɓata wani abu, alhali maɓalli ɗaya ake jira.

Git, kayan aikin da ke adana tarihin kowane gyara, wanda Torvalds ya rubuta a 2005, shi ne dutsen da sababbi suka fi karo da shi. Idan gyaransu ya ci karo da na wani, kada ka ce su warware kawai. Rubuto umarnin ɗaya bayan ɗaya. Idan tarihin gyaran ya yi kaca-kaca, kai ka dunƙule shi lokacin haɗewa, darasin tsabtar tarihi ya jira zuwa na uku ko na huɗu. Abin da ba na yafewa shi ne a karɓi tunanin mutum, a sake rubutawa, a shigar da sunan wani. Idan dole ka ƙarasa masa, ka nemi izininsa, ka sa layin Co-authored-by da sunansa, don aikin ya fito a tarihinsa. Wasu da wannan tarihin suke neman aikin albashi.

Wani gyaran ba za a karɓa ba. Ka faɗa da wuri, ka faɗi dalili, ka nuna wani abin da ake buƙata. Ƙi na kwana biyu mai dalili ya fi shirun wata shida mutunci. Kuma karɓar baƙi ba ta nufin karɓar shara. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, bikin aiko gyara da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa, masu neman rigar kyauta sun cika rumbuna da gyaran banza, har aka sauya doka aka ce sai aikin da ya nemi shiga. Yanzu kuma ga rahotannin da ake sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ba tare da mai aikowa ya gwada ba, abin da Daniel Stenberg mai riƙon manhajar curl yake kuka da shi a fili tun 2024. Tambaya ɗaya tana tace su: yaya ka gwada wannan? Mai gaskiya zai amsa, ko da amsar ita ce bai san yadda ake gwadawa ba, sai ka koya masa.

Mataki na biyar: bayan an haɗe

Ka gode masa a wurin, ka sa sunansa a bayanin sabuwar siga, har da masu fassara da masu kawo rahoto. Sannan, tun zuciyarsa na da ɗumi, ka miƙa masa na biyu: ga wani kusa da wanda ka gama, ya ɗan fi shi nauyi, kana so? Gudummawa ta biyu ita ke mayar da baƙo ɗan gida. Idan ka ga mai himma, nuna masa Google Summer of Code, shirin da ke haɗa masu koyo da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja, wanda ake yi tun 2005, da Outreachy, mai biyan masu koyon aiki na wata uku daga cikin waɗanda ba su da yawa a fagen, da tarukan Open Source Community Africa, wadda ta yi babban bikinta na farko a Legas a 2020. Ka kuma ce masa ya amsa tambayar wanda ya zo bayansa. Shi ya fi ka tuna inda hanyar take da rami.

Mataki na shida: makulli a hankali

Fara'a daban, makullin rumbu daban. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, ya tarar an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga ba da izini ba, a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana kawo gyara masu kyau. Mai riƙon aikin, Lasse Collin, shi kaɗai ne, ya gaji, wasu asusun kuma suna ta matsa masa lamba ya ƙara mataimaki, har ya miƙa amanar.

Wasu sun karanta labarin nan suka ce maganin shi ne a rage karɓar baƙi. Ni akasin haka na gani. Da mutum biyar ne suke riƙe da xz, kowane gyara mutum biyu ke dubawa, da wuya abin ya wuce. Kaɗaici ne ya buɗe ƙofar. Don haka ka hau da mutane mataki-mataki. A rumbunan ƙungiya na GitHub akwai izinin tace rahotanni, wanda ke ba mutum damar liƙa lakabi da rufe rahoto ba tare da taɓa lambobi ba. Fara da shi. Bayan watanni sai izinin rubutu, tare da dokar cewa babu mai haɗe gyaran kansa sai wani ya duba, har da kai mai gidan. Fitar da sabuwar siga da makullan sa hannu su zo a ƙarshe, ga wanda mutum fiye da ɗaya suka sani, suka yi magana da shi, suka ga aikinsa na dogon lokaci. Duk wanda ke matsa maka ka gaggauta ba shi makulli, ka ƙara jinkirtawa.

Kai ma ka tsare ƙarfinka, don mai gidan da ya gaji shi ke rufe gyaran baƙo da layi ɗaya. Idan kun kai uku, ku raba makonni, kowa da makon da zai tari sababbi, a rubuta jadawalin inda kowa zai gani. Idan kai kaɗai ne, rubuta a saman CONTRIBUTING ranakun da kake dubawa. Nawa yana cewa Talata da dare da Asabar da safe, agogon Najeriya, kuma idan mako ya wuce ban amsa ba, a sake taɓo ni a kan rahoton.